Yadda Za Ka Tsayar da Shafin Kasuwancinka a Intanet Kafin Ka Fara Biyan Kuɗin Talla

Masu ƙaramin kasuwanci da yawa ta ƙarshen aikin suke farawa. Mutum ya ga maɓallin tallata saƙo a Facebook ko Instagram, ya danna, kuɗi su tafi, mutane su leƙo shafinsa su fice. Ka tambaye shi su nawa ne suka shigo, a ina suka tsaya, me ya hana su saye, sai ya ce maka ai kasuwar ce babu. Wannan ɗiban ruwa ne da kwando. Talla shi ne mataki na ƙarshe, kuma ba ya gyara shafin da ke da matsala, iyakarsa ya kawo ƙarin mutane su ga matsalar. Ga yadda ya kamata aikin ya jeru.

Da farko, adireshin ya zama naka

Domen shi ne sunan da ake rubutawa a burauza a iso gare ka, irin sunanka.com. Ba a sayensa a mallaka har abada, haya ce ta shekara-shekara daga kamfanonin rajista irin su Namecheap, GoDaddy ko Cloudflare, kuma kana iya biyan har na shekara 10 a lokaci guda. Ka zaɓi suna gajere wanda idan ka faɗa wa mutum a waya zai rubuta shi daidai ba tare da ya ce ka maimaita ba. Saka lamba ko ɗan layin tsakiya a cikin suna yana jawo kuskure, ka guje shi.

Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne wa ya yi rajistar. Yawanci mai kasuwanci yana ba wani ƙwararre aikin gina shafi, shi kuwa don ya sauƙaƙa wa kansa sai ya yi rajistar domen a asusunsa, da imel ɗinsa. Babu mugun nufi a ciki galibi. Amma ran da kuka saɓa, ko ya canja sana'a, ko ya daina ɗaga waya, adireshin da ka buga a kan kowane kwali da kowace takarda yana hannun wani. Don haka kai za ka buɗe asusun da kanka, da imel ɗin da kake dubawa kullum, sannan ka ba mai aikin izinin shiga. Haka za ka yi da asusun hostin, wato kamfanin da ke ba shafinka masauki a intanet, da na Google, da na talla. Kowanne ka kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu, kalmomin sirrin kuma ka ajiye su a manhaja irin Bitwarden, kada ka riƙa maimaita guda ɗaya ko'ina.

Ka kunna sabuntawa ta kai-tsaye, kuma ka riƙa duba cewa katin bankin da ke jikin asusun bai ƙare ba. Idan domen irin na .com ya ƙare, akwai ɗan wa'adin sassauci, daga nan ya shiga kwana 30 na fansa wanda kuɗinsa ya fi na sabuntawa nesa ba kusa ba, daga nan a sake shi kowa ya iya ɗauka. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, jiran sunayen da suka suɓuce wa masu su.

Wani zai ce me zai yi da shafi alhali yana da mabiya a dandalin sada zumunta. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Google+ kuwa, dandalin sada zumunta na Google, rufe shi aka yi dungurungum a Afrilun 2019. Ko babu irin wannan, dandalin ne ke yanke hukuncin wa zai ga saƙonka, kuma yana iya dakatar da asusunka ba tare da ya yi maka doguwar magana ba. Ka ci gaba da amfani da su, suna da amfani sosai, amma su zama hanyar da ke kawo mutane wurin da kai ke da iko.

Na biyu, abin da za ka gina shafin a kai

Nan ba sai an daɗe ba. Idan kana son komai a haɗe, ka biya kuɗin wata ka huta da kula da saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, Shopify ya dace da shago, Wix ko Squarespace sun dace da shafin gabatar da sana'a. Idan kana son cikakken iko da damar kwashe kayanka ka koma wani wurin duk lokacin da ka ga dama, WordPress ne, wanda aka fara tun 2003 kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke. Ana ɗora masa WooCommerce ya zama shago. Ka lura WordPress.com kamfani ne mai ba da masauki, WordPress.org kuma nan ake samun manhajar kyauta a ɗora a hostin ɗin da aka ga dama. Sababbin shiga suna yawan rikita su.

Sabon shafi ba ya buƙatar saba tasa shi kaɗai. Hostin na haɗaka, inda shafuka da yawa ke zaune a saba guda, ya isa a farko. Abin da za ka duba kafin ka biya shi ne kuɗin sabuntawa na shekara ta biyu, don rangwamen shekarar farko ne ake rubutawa da manyan haruffa.

Ka tabbata adireshinka da https yake farawa. Tun Yulin 2018 burauzar Chrome take yi wa shafukan da ba su da shi tambarin rashin tsaro, kuma babu mai saka lambar katinsa a irin wannan wuri. Let's Encrypt yana ba da takardar shaidar tsaron da https ke buƙata kyauta, mai gajeren wa'adi, an daɗe ana ba da ta kwana 90, kuma hostin na kirki da kansa yake sabunta ta. Wanda ya ce sai ka biya kuɗi na musamman kafin ƙaramin shafi ya samu wannan, ka nemi wani.

A WordPress, ƙananan manhajojin da ake ƙarawa, wato filogin, su ne daɗinsa kuma su ne ƙofar da ɓarayi suka fi shigowa ta ciki. Ka ɗora wanda kake buƙata kawai, wanda ba ka amfani da shi ka goge shi, kada ka tsaya a kashewa. Filogin na kuɗi da wani ya fasa yake rabawa kyauta kuwa, ko kusa da shi kada ka je. Sau da yawa an cusa masa abin da zai buɗe wa wani shafinka.

Na uku, kwafin ajiya

A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa. Shafuka masu ɗimbin yawa suka ɗauke, kuma waɗanda kwafinsu ke ajiye a wuri guda da shafin sun rasa duka biyun. Saboda haka kwafi ɗaya aƙalla ya kasance a wajen kamfanin hostin ɗinka. Filogin irin UpdraftPlus yana iya tura kwafi zuwa Google Drive ko Dropbox bisa jadawalin da ka tsara. Shago mai karɓar oda kullum, kwafin kullum yake buƙata. Shafin da sai an yi makonni ba a taɓa shi ba, na mako-mako ya ishe shi. Kuma ka gwada maido da shafin daga kwafin ko da sau ɗaya ne, a wurin gwaji, tun kafin ranar da za ka buƙace shi da gaske. Ka haɗa da UptimeRobot, wanda zai riƙa leƙa shafin kowane minti 5 ya aiko maka saƙo idan ya faɗi, don kada kwastoma ne zai fara sanar da kai.

Na huɗu, sauri, kuma a waya

Ka ajiye kwamfutar ka ɗauki waya, ba mafi tsadar da ke gidan ba, ka kashe wayifai ka buɗe shafinka da data. Abin da ka gani shi ne abin da mafi yawan baƙinka ke gani. Shi ne kuma abin da Google ke gani, don a 2023 ya sanar da cewa ya kammala komawa ga duba shafuka ta fuskar waya.

Ka saka adireshin a PageSpeed Insights. Zai ba ka maki, amma kada makin ya ɗauke maka hankali, abu uku za ka duba. Babban abin da ke saman shafin, hoto ne ko rubutu, ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Idan an taɓa maɓalli shafin ya amsa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, ma'aunin da ake kira INP wanda aka fara aiki da shi a Maris 2024. Sannan kada abubuwa su riƙa zamewa yayin da shafin ke buɗewa, irin yadda za ka kai yatsa kan maɓalli sai hoto ya faɗo ya ture shi ƙasa ka danna wani abu dabam. Ma'aunin wannan, CLS, kada ya wuce 0.1.

A ƙananan shafuka, hotuna ne masu laifi kusan kullum. Hoton da aka ɗauka da waya aka ɗora yadda yake yana iya kai megabait 4 ko fiye, faɗinsa fiksil dubu huɗu, alhali a allon waya ko rabin haka ba a buƙata. Ka rage faɗin zuwa wajen 1200, ka matse shi da Squoosh ko TinyPNG, ka ajiye shi a tsarin WebP. Yawanci zai dawo ƙasa da kilobait 200 kuma ido ba zai ga bambanci ba. Bayan hotuna sai bidiyon da ke kunna kansa da jerin hotuna masu juyawa a saman shafin farko. Ni dai ban ga abin da suke ƙarawa ba in ban da nauyi.

Na biyar, kowane shafi da aikinsa

Mutumin da ya shigo yana da tambayoyi kaɗan a ransa: me ake sayarwa, nawa ne, yaushe zai iso, idan bai yi ba yaya za a yi, kuma wa zan yi wa magana. A ce jakunkuna kake sayarwa. Shafin jaka guda ya nuna ta gaba da baya da ciki, da hoto ɗaya a kafaɗar mutum don a gane girmanta, ga tsawo da faɗi a rubuce, ga irin abin da aka yi ta da shi, ga farashi a fili. Rubuta "a tuntuɓe mu don jin farashi" yana korar mutane fiye da yadda farashin kansa zai kore su. Maɓallin saye ya zama ɗaya, babba, wanda ake gani ba sai an nema ba. Kuɗin aikawa a faɗe shi tun da wuri, don babu abin da ke sa mutum ya watsar da oda kamar ya zo matakin ƙarshe ya tarar da ƙarin da ba a gaya masa ba. Fom ɗin biya kuma a rage masa tambayoyi, kada a tilasta wa mutum buɗe asusu kafin ya sayi abu ɗaya.

Da ka gama, ka yi oda da kanka tun daga farko har ƙarshe, ka cike fom ɗin tuntuɓa ka ga ko saƙon ya iso. Fom da ya mutu shiru ba ya sanar da kowa.

Na shida, ka fara aunawa

Wannan matakin ne ya raba mai aiki da lissafi da mai aiki da zato, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Ka fara da Google Search Console, kyauta ne. Za ka tabbatar da cewa domen ɗin naka ne ta hanyar saka wani ɗan layi da za a ba ka a saitin DNS, wato wurin da ake tsara inda domen ɗinka ke nunawa, sannan ka miƙa taswirar shafin, wato jerin adireshin dukkan shafukanka. WordPress tun daga fitowa ta 5.5 a 2020 yana haɗa taswirar da kansa a adireshin wp-sitemap.xml. Kafin nan ka shiga saitin karatu na WordPress ka duba wani ɗan akwati da ke roƙon injinan bincike kada su saka shafin a jerinsu. Masu gina shafi suna yi masa alama lokacin aiki, wani lokaci su manta su cire, sai a yi watanni ana mamakin me ya sa Google bai san da shafin ba.

Bayan 'yan makonni rahoton zai fara nuna maka ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har shafinka ya bayyana, sau nawa ya bayyana, sau nawa aka danna, kuma a matsayi na nawa. Yana riƙe bayanan wata 16. Ga yadda ake cin moriyarsa. Idan ka ga shafi yana bayyana sosai amma ba a dannawa, takensa ne bai ja hankali ba. "Kaya na 14" ba take ba ne. "Jakar kwamfuta ta fata, mai ɗaukar inci 15, baƙa da ruwan ƙasa" take ne. Idan kuma ka ga ana nemanka da tambayar da ba ka taɓa amsawa ba, misali yadda ake goge jakar fata idan ruwa ya taɓa ta, to an ba ka batun rubutu na gaba kyauta. Shafin da ke matsayi na 11 zuwa 20 shi ya fi cancantar gyara, don yana bakin shiga shafin farko na sakamakon bincike.

Sai Google Analytics 4, mai ƙirga baƙin shafinka da abin da suka yi a ciki, wanda ya gaji tsohon tsarin da ya daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yuli 2023. Yana da rikitarwa, kada ka yi ƙoƙarin fahimtar komai. Ka gaya masa abin da kake ɗauka a matsayin nasara, ciniki ne ya faɗa, ko an cike fom, ko an danna maɓallin kira. Ka kuma shiga saitin riƙe bayanai ka mayar da shi wata 14, don a wata 2 yake zuwa. Idan kana da baƙi daga Tarayyar Turai, dokar GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018 da dokokin da ke tafiya da ita suna buƙatar ka nemi amincewarsu kafin ka bibiye su, kuma ƙasashe da dama suna da tasu dokar makamanciyarta.

Abu na ƙarshe a nan ƙarami ne amma yana warware gardama da yawa. Duk mahaɗin da za ka raba a waje, ka liƙa masa alamar inda ya fito. Maimakon sunanka.com/jaka kawai, sai ya zama sunanka.com/jaka?utm_source=instagram&utm_medium=bidiyo&utm_campaign=sabon_kaya. Google yana da shafin da ke haɗa maka wannan, Campaign URL Builder. Ka riƙa amfani da ƙananan haruffa koyaushe, don Analytics yana ɗaukar Instagram da instagram a matsayin wurare biyu. Da wannan ne za ka gane cewa dandalin da ya fi kawo maka yabo ba lalle shi ne ya fi kawo masu saye ba.

Na bakwai, injin bincike da imel

Game da hawa sama a Google, abin da ke aiki ba shi da wani asiri: shafi guda ya amsa tambaya guda sosai, da kalmomin da masu neman ke amfani da su, kuma shafukanka su riƙa nuna juna da mahaɗai. Hotuna a rubuta musu bayanin abin da ke ciki. Idan ka canja adireshin wani shafi, ka saka turawa ta 301 daga tsohon zuwa sabon, in ba haka ba duk wanda ya bi tsohon mahaɗi zai ci karo da kuskuren 404. Cusa jerin kalmomi a ɓoyayyen wurin da ake kira meta keywords ɓata lokaci ne, Google ya faɗa tun 2009 cewa ba ya duba shi. Wanda ya yi maka alkawarin matsayi na ɗaya cikin mako guda, ko yake sayar da mahaɗai dubu a dunƙule, ka riƙe kuɗinka. Idan kana da wurin da mutane ke zuwa da ƙafarsu, ka cike Google Business Profile da adireshi da lokutan buɗewa na gaskiya.

Jerin imel kuwa shi ne hanya ɗaya da za ka isa ga mutanenka ba tare da wani ya tsaya tsakani yana tacewa da son ransa ba, kuma kana iya ɗauke jerin daga kamfanin aika imel irin Mailchimp ka kai wani irin Brevo gobe. Ka tara shi da yardar mutane, kada ka saya. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara: Gmail yana buƙatar mai aika saƙo 5,000 ko fiye a rana ya saita SPF da DKIM da DMARC, ya saka hanyar ficewa da dannawa ɗaya, kuma masu kai ƙarar saƙonsa kada su kai kashi 0.3 cikin ɗari. Ko ba ka kai wannan adadin ba ka saita su, layuka uku ne a DNS, kuma su ne ke shaida cewa saƙon daga gare ka ya fito. Kada ka dogara da adadin waɗanda aka ce sun buɗe saƙo, don tun 2021 manhajar imel ta Apple take buɗe hotunan cikin saƙo da kanta, abin da ke kumbura lissafin. Ka duba waɗanda suka danna.

Yanzu sai talla

Kafin ka biya ko sisi, ka yi wannan lissafin. A ce cikin mutum 100 da suka shigo shafin jakar, 2 ne ke saye. Ke nan kowane ciniki yana cin dannawa 50. Ka ninka kuɗin dannawa ɗaya sau 50, ka ajiye shi kusa da ribar da ke cikin jaka guda. Idan ya fi ribar, ƙara kuɗin talla ƙara asara ne, sai dai in kana da tabbacin mai sayen zai dawo. Idan ka gyara shafin masu saye suka koma 4 cikin 100, ka rage kuɗin samun kwastoma da rabi ba tare da ka taɓa tallan ba.

Google Ads yana kama wanda ya riga ya fito nema, tallan Facebook da Instagram kuma yana tare wanda bai ma san yana so ba, don haka hoto ko bidiyon ne ke ɗaukar nauyin aikin a can. A Google ka fara da kalmomi kaɗan masu nuna niyyar saye, kuma duk mako ka buɗe rahoton ainihin abin da mutane suka rubuta. Za ka tarar kana biyan kuɗi saboda masu neman "kyauta" ko "yadda ake ɗinka jaka" ko "neman aiki". Ka saka waɗannan a jerin kalmomin da aka hana. A ɓangaren Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram, ka yi tallan daga Ads Manager maimakon maɓallin nan mai sauƙi na tallata saƙo, ka ɗora fiksil ɗinsu, ɗan lambar da ke sanar da su abin da baƙo ya yi, a shafinka, ka zaɓi ciniki a matsayin manufa. Idan ka ce so kake a danna, masu dannawa za a kawo maka. Tsarin nasu yana buƙatar sakamako wajen 50 cikin mako guda kafin ya daidaita, kuma duk babban canjin da ka yi yana mayar da koyon farko, don haka taɓa talla kullum safiya cutar da shi ne.

Mahaɗin tallan ya kai mutum kan ainihin kayan da ya gani, ba shafin farko ba. Ka gwada abu ɗaya a lokaci guda, hoto biyu da rubutu iri ɗaya, ko rubutu biyu da hoto iri ɗaya. Alƙaluman da dandalin talla zai nuna maka ba za su yi daidai da na Analytics ba, musamman tun da Apple ya fara tambayar masu iPhone izinin bibiya a Afrilun 2021. Idan suka saɓa, ka koma ga odar da ta shigo da kuɗin da suka faɗa asusunka, sannan ka ƙara tambaya guda a fom ɗin oda: a ina ka ji labarinmu?